Awo ko kirdado? Sharhi a kan « ruwan azurfa » da na'urar da ake gwada shi da ita

0. Gabatarwa

Tun daga shekara ta 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, aikin nemo wa kimiyya kalmomi bai tsaya ba a ƙasar Nijar. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ƙara wa masu fassara nauyi, domin takardun lafiya da na ruwa da na noma za su ƙara kwararowa cikin Hausa, kuma wanda zai ji su a rediyo ba ya da asalin takardar da zai koma ya duba.

A cikin wannan ɗan rubutu za mu ɗauki jimla guda mu yi mata filla-filla. Asalinta wata doka ce da ta daɗe tana yawo tsakanin masu haɗa abin da Faransanci ke kira « argent colloïdal » a gidajensu, musamman a Amurka da Turai. Dokar tana cewa ƙaramar na'urar nan ta aljihu da ake tsomawa a ruwa tana iya faɗin yawan azurfar da ke cikin haɗin. Mai fassara da ke cikin gaggawa, in ya ɗauko kalmomin da suka fi kusa da hannu, ga abin da zai rubuta :

(1) A tsoma na'urar auna tsabtar ruwa cikin ruwan azurfa. Lambar da ta nuna ita ce yawan azurfar da ke ciki, a ppm.

Ta fannin nahawu jimlar ba ta da aibi. Ta fannin ma'ana kuwa ta karkace a wuri uku : sunan na'urar, sunan haɗin, da aikatau « auna ». Mun zaɓi ƙasar Adar domin jarraba ta, saboda na'urar ba baƙuwa ba ce a can : tana cikin kayan ma'aikatan ruwa, su kan tsoma ta idan an gama gina rijiya ko foraj. Azurfa ma, ko « azurhwa » a bakin mutanen Tawa da Bambai, tsohuwar kalma ce da Hausa ta aro daga Tamajak, kuma maƙeran farin ƙarfe sun san ta tun kaka da kakanni. Ga shi kuma karin harshen yankin ya samu cikakken bayani a littafin Bernard Caron na 1991.

1. Abin da na'urar take ji

A bakin na'urar akwai ƴan ƙarafa biyu. Pil ɗin da ke ciki yana tura lantarki kaɗan daga ɗaya zuwa ɗaya ta cikin ruwan, na'urar ta ƙididdige sauƙin wucewarsa. Aikinta ke nan duka. Faransanci na kiran wannan « conductivité », mu kuwa za mu ce ratsawar lantarki. Ana lissafa ta da mikrosimens a santimita (µS/cm).

Ruwa zalla kusan ba ya barin lantarki ya ratsa shi : adadinsa 0,055 ne a zafin digiri 25. Ruwan teku yana kai wa wajen 50 000. Abin da ya raba su shi ne iyon, wato ƙananan ɓarɓashi masu ɗauke da lantarki da ke fitowa idan gishiri ko kanwa ko wani ma'adini ya narke. A Adar, inda ƙasa ke da irin duwatsun da ake yin siminti da su a Malbaza, ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yakan kwaso rabonsa na waɗannan narkakkun ma'adinai, na'urar kuwa su take ji.

To, shin wannan ne tsabta ? Gwaji biyu sun isa amsa. A zuba cokalin sukari a kofin ruwa : zai narke sarai, amma lambar kusan ba za ta motsa ba, domin sukari ba ya rabewa zuwa iyon. A zuba ɗan gishiri a kan yatsa : lambar za ta yi tsalle, alhali ruwan bai zama ƙazami ba. Ƙwayoyin cutar kwalara da na zawo ba su motsa lambar ko kaɗan. Haka ma dafin da kaɗan ɗinsa ke illa. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wani foraj da aka soma sha a tsakiyar shekarun 1980 yana da sinadarin fuliwor da ya ninka iyakar miligiram 1,5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Yara masu yawa suka tashi da haƙora masu tsatsa da ƙasusuwa a tanƙware, kuma sai wajen shekara ta 2000 maganar ta fito fili. Ƴan miligiram na fuliwor ba su sa lambar wannan na'ura ta fita daga abin da aka saba gani a ruwan sha.

Ke nan « na'urar auna tsabtar ruwa » suna ne da ya yi alkawarin abin da ba zai cika ba. A kunnen Bahaushe ma nauyinsa ya fi haka, domin « tsabta » maƙwabciyar « tsarki » ce, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da wari. In an ce masa na'ura ta auna tsabta, zai ɗauka ta duba waɗannan uku har ta ƙara da abin da ido ba ya gani.

Hausa tana da kalmar da ta fi dacewa, ita ce « zartsi ». Kowa a karkara ya san rijiya mai zartsi, wadda ruwanta ba ya kashe ƙishirwa, sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa. Na'urar tana jin zartsi tun kafin harshe ya ji shi, shi ke nan fifikonta. Saboda haka muna ba da shawarar « ma'aunin zartsi » ga jama'a, « ma'aunin ratsawar lantarki » ga littafin makaranta. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Lambar ma ba ta hawa banza, sai dai ba ta faɗin sunan abin da ya sa ta hau.

2. « Ruwan azurfa » : haɗi ɗaya, ma'ana da yawa

Ɗafin mallaka -n yana haɗa suna biyu ba tare da ya bayyana irin dangantakarsu ba. Da kalmar « ruwa » abin ya fi yawa :

(2) a. ruwan rijiya, ruwan tabki (inda ya fito)
b. ruwan sha, ruwan alwala (amfaninsa)
c. ruwan kanwa, ruwan tsamiya (abin da aka jiƙa a ciki)
d. ruwan goro, ruwan ƙasa (launi)
e. ruwan zinariya (shafen da aka yi wa ƙarfe)

« Ruwan toka » yana shiga (c) yana shiga (d) : ga mai girki abin da ta tace daga toka ne, ga mai sayar da yadi launi ne. « Ruwan azurfa » ya fi shi raba ƙafa. Maƙeri zai ji (e), wato zoben da aka shafa wa azurfa a bisa, cikinsa jan ƙarfe. Tela zai ji (d). Mai tallar magani yana so a ji (c), a ɗauka an jiƙa azurfa ta narke kamar kanwa. Amma ƙarfen azurfa ba ya narkewa a ruwa kamar kanwa ; a kasko yake narkewa, a zafin digiri 962.

Nan muka iso ga matsalar aikatau « narke », wanda ke ɗauke da abin da Faransanci ya raba gida biyu, « fondre » da « se dissoudre ». Faransanci ma bai tsira ba, tun da « argent » kuɗi ne kuma azurfa ce. Ita kuwa « colloïdal » ta samo asali daga Thomas Graham, wanda ya ƙirƙiro kalmar a 1861 daga sunan danƙon manni a Girkanci. Abin da take nufi shi ne ɓarɓashin da bai narke ba, bai kuma kwanta ba, yana nan rataye cikin ruwan saboda tsananin ƙanƙantarsa. Girman ɓarɓashin azurfa irin wannan yana tsakanin nanomita 1 da 100, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Ba sai mun aro kalma ba domin raba waɗannan biyu, matan gida sun riga sun raba su. Gishiri narkewa yake yi, fura kuwa damawa ake yi. Babu mai cewa fura ta narke a farau-farau, ko dusa ta narke a ƙasari. Akwai ma hanyar gani da ido : a haska tocila ta gefen kwalba a ɗaki mai duhu. A ruwan gishiri hasken zai wuce ba a ga sawunsa ba. A ruwan da aka ɗiga wa madara za a ga sandar haske ta keta kwalbar. John Tyndall ne ya yi nazarin wannan a ƙarni na 19. Bambanci ɗaya da za a gaya wa ɗalibi shi ne farau-farau yana kwantawa kafin gari ya waye, ɓarɓashin azurfa kuwa yana iya yin watanni bai kwanta ba. Duk da haka « dama » tana aje mai sauraro a ɓangaren da ya dace. Za mu ce « narkakkiyar azurfa » ga mai iyon, « damammiyar azurfa » ga mai ɓarɓashi.

Amfanin wannan rabewa a fili yake. Abin da ake haɗawa a gida, da waya biyu na azurfa da pil da tataccen ruwa, mafi yawansa narkakkiya ce, damammiyar ƴar kaɗan. Ma'aunin zartsi yana jin narkakkiya kawai, domin ɓarɓashin ƙarfe kusan ba ya taimaka wa lantarki ratsa ruwan. Sakamakon ya zama bai-bai : duk yadda haɗin ya ƙara cancantar sunansa na « colloïdal », haka lambar take ƙara raguwa. Kwalba mai launin ruwan zuma, cike da ɓarɓashi, tana iya nuna lamba ƙasa da kwalbar da azurfarta ba ta kai rabin tata ba. Jimla ta (1), da ta rufe abu biyu da suna ɗaya, ba ta bar wa mai karatu ƙofar da zai gane haka ba.

3. « Auna » da « ppm »

Haruffan ppm na nufin kashi ɗaya cikin miliyan, wato a ruwa miligiram ɗaya a lita. Wanda ya gan su a fuskar na'ura zai zaci an ɗora wani abu a sikeli. Ba a ɗora kome ba. Na'urar ta auna ratsawar lantarki, sa'an nan ta ninka adadin da wata lamba da masana'anta suka dasa mata, galibi 0,5 ko 0,7. Ta 0,5 daga gishirin miya aka samo ta, domin miligiram ɗaya nasa a lita yana ba da kusan 2 µS/cm. Ma'anar lambar ke nan : da a ce gishirin miya ne kaɗai a ruwan nan, da yawansa kaza ne.

Manomin Bambai ya san irin wannan lissafi. Yakan dubi damin hatsi ya ce zai ba da tiya kaza. Amma ya san abin da ya ƙidaya dami ne, tiya kuwa kirdado ce, kuma damin shekarar da ido ya cika daban yake da na shekarar fari. Ba zai taɓa cewa ya auna hatsin ba sai an sussuke an sheƙe an zuba a tiya. Hausa tana da jerin kalmomi a nan : auna, gwada, ƙiyasta, kintata, kirdado. Faransanci na kimiyya yana raba « mesurer » da « estimer ». Mai fassarar da ya mai da su duka « auna » ya zubar da bambancin da harsunan biyu suke da shi.

Ga lissafin azurfa, bisa dokar Friedrich Kohlrausch ta shekarun 1870, wadda ta nuna kowane iyon yana da nasa rabo a ratsawar lantarki. Iyon na azurfa ba ya zama shi kaɗai, sai da abokin zama. Miligiram ɗaya na narkakkiyar azurfa a lita yana ba da :

(3) a. wajen 2,4 µS/cm in abokin zamansa idroksid ne ;
b. wajen 1,2 in nitrat ne ;
c. wajen 1,0 in bikarbonat ne.

Azurfar ɗaya ce, lambar uku. Wannan ne ya sa masu haɗawa ke ganin lambar ta sauka bayan kwalba ta kwana : iskar karbon ta shiga ruwan ta sauya abokin zama, wani sashe na iyon kuma ya koma ɓarɓashi, ba tare da azurfa ta tafi ko'ina ba.

Ya kamata mu yi wa dokar adalci. Daga (3c) ta fito, kuma tana kusantar gaskiya in sharuɗɗa huɗu sun cika : ruwan farko tatacce ne ƙwarai, an auna shi kafin a soma an cire adadinsa, an bar haɗin ya huta, kuma na'urar tana nuna µS/cm kai tsaye. A nan 10 µS/cm na iya zama kirdadon miligiram 10 na narkakkiyar azurfa. In na'urar mai ppm ce mai ninkawa da 0,5, za ta nuna 5, rabin gaskiya. Damammiyar kuwa ba ta cikin lissafin ko ta wace hanya.

Yanzu mu fita daga tataccen ruwa mu koma bakin rijiya. Mu ɗauka, don misali kawai, wata rijiya a Bambai tana nuna 400 µS/cm. Adadin azurfar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ganin ana iya jurewa a ruwan sha shi ne miligiram 0,1 a lita, wanda ke ba da wajen 0,1 µS/cm. Ratsawar lantarki tana ƙaruwa da kimanin 2% a kowane digiri na zafi, wato 8 µS/cm a wannan rijiya. Digiri ɗaya tsakanin hantsi da azahar ya ninka alamar azurfar sau 80. Ko da na'urar tana gyara lissafin zafi da kanta, mafi yawan na aljihu ba su nuna abin da ya kasa 1. Bugu da ƙari, ruwan rijiya ba ya rasa kulorur, wanda ke kama iyon na azurfa ya mai da shi farin gari da kusan ba ya narkewa. A irin wannan ruwa lambar ba ta faɗin kome game da azurfa.

4. Abin da kuskuren ke jawowa

Ba gardamar malaman nahawu ba ce kawai. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta, kuma likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1881 Carl Credé ya bayyana yadda ɗigon nitrat na azurfa ke kare idon jarirai daga makanta. Har yau ana shafa man da ke da azurfa a ƙuna. A 1981 Fernando Mazariegos na ƙasar Gwatemala ya ƙera tukunyar yumɓu mai tace ruwa wadda ake shafa wa damammiyar azurfa. Bayan guguwar Mitch ta 1998 ƙungiyar Potters for Peace ta yaɗa ta daga Nikaragwa, har aka zo ana gina irinta a Tamale ta ƙasar Gana. Ƙasar da kowane gida ke da randa da tulu ba za ta ƙi irin wannan dabara ba. Amma ingancin tukunyar ana gane shi ne ta lita nawa take tacewa a awa, da ƙidayar ƙwayoyin cuta a ruwan da ya fito. Yawan azurfar da ta zubo kuwa sai ɗakin bincike : a narkar da ita duka da asid, a auna ta da na'urar da ke gane kowane ma'adini ta haskensa. Wanda ya tsoma ma'aunin zartsi a ruwan tukunya ya ce azurfar ta ƙare, ko ta yi yawa, bai ga kome ba.

Shan azurfa a matsayin magani wani zance ne daban. Jikin mutum ba ya bukatar ta. A 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa magungunan damammiyar azurfa da ake sayarwa ba takardar likita ba a tabbatar da amfaninsu ko rashin illarsu ba. Wadda aka sha tana taruwa a fata, ta mai da ita shuɗi-shuɗi ruwan toka, kuma launin ba ya fita da kansa. Paul Karason, Ba'amurken da aka nuna a talabijin a 2008, da hannunsa yake haɗa tasa. A lura da inda kuskuren ya karkata : na'urar mai 0,5 tana rage lamba, rashin jin damammiya yana ƙara rage ta. Mai sha yana ganin ƙaramar lamba, sai ya ƙara kofi. Jimla ta (1) tana ba shi tabbacin da zai sa ya ƙara.

5. Shawara da kammalawa

Ga yadda muke ganin ya kamata a rubuta :

(4) Ma'aunin zartsi yana auna ratsawar lantarki ne kawai. A tataccen ruwa ana iya kirdadon narkakkiyar azurfa da shi. Ba ya jin damammiya, kuma a ruwan rijiya ba ya faɗin kome a kan azurfa.

Za a ce mana jimlar ta yi tsawo, kuma jama'a ba su jiran jami'a kafin su raɗa wa abu suna : a Nijar sun ce « kuran », a Nijeriya sun ce « lantarki » ko « wuta », ba wanda ya nemi izini. Gaskiya ne, kuma ba mu ƙin aro. « Pil » da « lita » da « foraj » sun shigo ba su cuci kowa ba, domin suna ne kawai, ba su da'awar kome. « Na'urar auna tsabta » kuwa da'awa ce cikin rigar suna. Saboda haka ma'aunin da muke ba masu aikin kalmomi shi ne : kafin a karɓi kalma, a tambayi abin da mai jin ta zai aikata in ya gaskata ta. In zai sha ruwan da bai kamata ba, ko ya ƙara kofin da bai kamata ba, kalmar ba ta yi ba, kome daɗinta a baki.

Kalmomi huɗun da muka dogara gare su, zartsi da narke da dama da kirdado, ba mu ƙirƙiro ko ɗaya ba. Suna nan a bakin rijiya da madafa da masussuka. Abin da ya rage shi ne a kai jimla ta (1) da ta (4) gaban masu magana da Adaranci, maza da mata, a Bambai da Kalfu da Barmu, a tambaye su abin da suka fahimta daga kowace, kafin a sa ɗaya a cikin littafi.